Matakalar Kazar Kabbur

Ranar da aka fara saka yayana Bushaib cikin jirgin kamun kifi, ko bakin tasha ba su fita ba ya amayar da karin kumallon da Inna ta ba shi. Bai wuce shekara goma sha biyu ba a lokacin. Babanmu, Rayis Kabbur, ya ce ba komai, kowa da haka ya fara. Washegari aka sake gwadawa, jibi ma haka. Aka ba shi lemun tsami ya tsotsa, aka sa shi kurɓar ruwan teku, aka ce ya kafa ido a kan tudu kada ya dubi ruwa. Wata tsohuwa ta ce a ɗaura masa ganyen na'a-na'a a cibiya, shi ma aka yi. Duk a banza. Da jirgi ya fara lilo sai Bushaib ya koma kalar ɗanyen zaitun, ya kwanta cikin koma yana kiran Inna.

A garinmu Ras Lahmam, namiji ko dai masunci ne, ko tsohon masunci, ko yaron da ke jiran ya zama masunci. Liman kansa yana da ɗan kwale-kwalensa. Ga shi kuma Baba mai jirgi ne, shi ya sa ake ce masa Rayis, ga Bushaib ɗansa na fari. Baba ya daure har kusan shekara biyu yana fita da shi, sannan wata safiya ya dube shi a bakin ruwa ya ce ya koma gida wajen uwarsa. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba, kuma bai sake tayar da zancen ba. Ƙanenmu Milud ne ya gaji wurin, shi kuwa kamar a cikin jirgi aka haife shi.

Daga nan sunan ya fito. Rayis Lahsan, abokin Baba, wanda bakinsa ba ya rufuwa sai in yana barci, shi ya ce Kabbur ya kwanta a kan ƙwan agwagwa ya ƙyanƙyashe kaza. Kafin mako ya zagayo duk tasha ta ɗauka. Kazar Kabbur. Yara na ganinsa sai su kama kurkyat-kurkyat suna fiffika hannuwa.

Bushaib bai taɓa dukan kowa a kan sunan ba, ko da yake da ya so da ya iya, don ƙato ne. Ya nemi aikin tudu. Da yamma yana cikin masu sa sanda a kafaɗa su ɗauko jirage daga ruwa zuwa kan yashi, da safe yana bin wani magini yana kwaɓa masa ƙasa. A wajen maginin nan ya koyi fasa dutse da daidaita shi, har ya zama rabin katangun garinmu hannunsa ne. Amma a wajenmu katanga ba abin labari ba ce, wanda ya cika jirgi da kifin sardin shi ake zancensa a teburin mai shayi.

Da ya isa aure, Hadda 'yar mai gasa burodi ce ta amsa masa. Ƙawayenta suka ce duk mazan garin nan ta rasa wanda za ta aura sai kaza. Ta ce musu ita ta zaɓi mijin da zai mutu a kan gadonsa ta san inda kabarinsa yake, su kuma su je su yi ta leƙen teku. Magana ce ta wasa, amma ba wadda ta yi dariya sosai, don kowaccenmu ta san leƙen da take nufi. Ni ma masunci na aura.

Abin da ke sa leƙen nan ya yi ɗaci shi ne yadda Allah ya ajiye tasharmu. Tana cikin hammatar dutse ne. In kana tsaye a kan yashi ba ka ganin teku sai 'yar kafar da jirage ke shiga da fita, sauran duk dutsen Ras ya tare. A can samansa tsohuwar hasumiya take, rabinta a rushe, tantabaru sun mai da ita gidansu. Bayan dutsen kuma Ƙofar Iska ce, wani ƙaton dutse mai huda a tsakiya da ke tsaye cikin ruwa, inda raƙuman ruwa ke bi su fashe. Kakanninmu mata sun ce a zamaninsu akwai 'yar hanya da suke hawa su zauna gindin hasumiya su hango mazansu, amma wani ruwan sama ya zaftare ta tun kafin a haife mu. Mu dai mun taso ba mai hawa Ras sai awaki da yaran da ba sa jin magana.

Shekarar da ciwon baya ya zaunar da Baba ya bar wa Milud jirgi, a ita abin ya faru. Ranar an tashi teku lafiya lau, kafin azahar iska ta juya. Jirage suka yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa a jiƙe, har aka gama ba na Milud. Maza suka tsaya a kan yashi suna gardama, wasu sun ce arewa ya yi, wasu sun ce kudu. Ba wanda zai fita cikin wannan ruwa yana lalube bai san inda zai dosa ba. Baba yana zaune a kan kwandon kifi, ya riƙe sanda da hannu biyu.

Cikin hayaniyar nan Inna ta sulale ba mu sani ba. Bushaib ne ya lura. Ya same ta a gindin Ras, ta ɗan hau ta zamo, gwiwoyinta na jini, takalmi ɗaya ya tafi. Ya ce ta zo su koma, mace mai shekarunta ba ta hawa wannan dutse. Ta dube shi ta ce, "Ko ka kai ni, ko ka matsa mini."

Sai ya durƙusa. Ta hau bayansa, ya ɗaure ta da mayafinta kamar yadda ake goyon jariri, ya kama hawa da hannu da ƙafa. Ina ƙasa ina kallo. Iska na kaɗa zanenta, tsakuwa na zubowa daga ƙarƙashin ƙafarsa, sau da yawa na rufe ido na buɗe na ga suna nan. Da suka kai gindin hasumiya Inna ce ta fara hango jirgin, don idonta na nesa ya fi na kowa. Yana bayan Ƙofar Iska, inji ya mutu, su Milud na tuƙi da katakan kwandon kifi, ruwa kuma na jan su zuwa kan dutse sannu-sannu.

Bushaib ya tuɓe rigarsa ya yi ta kaɗawa yana nuna kudu. Rayis Lahsan ne ya gane. Bai tsaya shawara ba ya tura jirginsa, wani ya bi bayansa, kafin rana ta faɗi suka jawo su Milud da igiya, duk a raye. Inna kuwa ta ƙi saukowa a bayan kowa. Ta ce hawa daban sauka daban, ita ba ta haukace ba. Sai da aka hau da igiyoyi aka sauko da ita kamar kayan tangaran, tana yi wa kowa faɗa.

Ba a daɗe ba aka ga Bushaib a gindin Ras da guduma da ƙarfen sassaƙa dutse. Bai gaya wa kowa abin da yake nufi ba, ko matarsa. Bayan sallar asuba zai je ya yi ta bugu har lokacin aikin gini ya yi, ranar Juma'a kuma bayan an sauko daga masallaci ya koma. Da aka ga taki ɗaya ya fito, na biyu ya biyo shi, sai aka gane matakala yake sassaƙawa, wai har sama.

Tasha ta samu abin dariya na shekara. Rayis Lahsan in zai wuce sai ya tsaya ya ce, "Kaza, an fara tono ke nan? In ka tono tsaba ka kira mu." Bushaib ya ce masa to, Kawu, ya ci gaba da bugu. Wasu suka ce jikokinsa ne za su ƙarasa, wasu suka ce dutsen ne zai ƙarasa da shi. Hadda ta yi mita iya mita. Kullum riga a yage, kullum farce ya yi baƙi, mutum ya dawo gida ko cokali ba ya iya riƙewa. Amma ita ce take kai masa shayi da burodi da man zaitun, ta zauna a kan takin da ya gama jiya tana gaya masa ya yi tsawo, ƙafar tsohuwa ba za ta kai ba. Yana jin maganarta kuwa. Duk wanda ya hau matakalar nan yau zai ji takin gajere ne, ba ya wahalar da gwiwa, to aikin bakin Hadda ne.

Baba ne kawai bai taɓa cewa komai ba. In hanya ta biyo da shi ta gindin Ras sai ya kau da kai ya dubi jirage. Na san abin yana cin Bushaib fiye da duk tsokanar tasha, amma shi ma ɗan ubansa ne, bai furta ba.

Shekaru suka yi ta tafiya. Da aiki ya kai wajen rabi akwai wata kwana da in ka tsaya kana iya hango teku ta kudu, mu mata muka fara hawa can in jirage sun yi jinkiri. Ba mu gaya wa mazanmu ba, sai dai su ga abinci ya sauka daidai lokacin da suka shigo, su yi ta mamaki.

Sai ga wata damina mai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wani ɓangare na ƙasa-ƙasan matakalar ba a cikin dutse yake ba, jera duwatsu ya yi a kan jar ƙasa. Muka wayi gari ruwa ya kwashe shi kaf ya zubar a kan yashi, sauran matakalar na rataye a sama ba ta inda za a kai mata. Bushaib ya je ya tsaya ya kalla, ya juya ya koma gida. Ya rataye guduma. Yana zuwa aikin gini, amma ya daina zama wajen mai shayi, ya daina bi ta gindin Ras, in an yi masa magana sai i ko a'a. Abin mamaki, ba wanda ya tsokane shi a wannan lokacin, kuma ina jin shirun ya fi tsokanar ciwo.

Hadda ta zo gidana wata hantsi ta ce, "Mahjuba, yayanki ya zama gawa mai cin abinci. Gara mini yagaggiyar riga." Muka zauna muka yi shawara, muka bi gida-gida wajen matan da suka saba hawa kwanar nan. Washegari bayan maza sun fita, muka ɗauki kwandunan kifi muka sauka bakin teku muka yi ta kwaso duwatsu. Ba gindin Ras muka kai su ba. A ƙofar gidan Bushaib muka jibge, tsibi guda, har sai da hanya ta toshe.

Da ya dawo daga aiki ya tarar da mu zaune a kan tsibin muna shan shayi. Ya tambayi wa ya ce a kawo masa wannan nan. Hadda ta ce in ba ya son su a nan ai ya san inda zai kai su. Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya a hannu, ya ɗauki wani, ransa a ɓace. Sannan ya ce duk mun yi wahalar banza, waɗannan ruwa ya goge su sun zama mulmulallu, ba za su zauna ba, mai faɗi ake nema mai kaifin gefe, irin na bayan maƙabarta. Na ce to ya zo ya nuna mana, mu mata ne, me muka sani. Ya harare ni, ya san na yi masa tarko, amma ya shige gaba muka bi shi.

A wannan karon bai yarda da jar ƙasa ba. Sai da ya haƙa har ya taras da dutse, ya kafa tushe, ya yi wa ruwan sama hanyarsa daban. Mu muna kawo ƙanana a ka. Manyan kuwa, ranar da teku ta hana fita, Milud ya zo da mutanen jirginsa da sandunan da ake ɗaukar jirgi, suka rataya su suka hau da su suna waƙar da suke yi in suna jan koma. Daga baya mutanen wasu jirage suka shigo ciki. Har Rayis Lahsan na gani da sanda a kafaɗa, yana haki yana cewa shi bai zo taimako ba, ya zo ne ya ga ƙwan da kazar za ta saka.

Aka gama cikin bazara, lokacin da furanni ke rufe Ras. Ba a yi wani biki ba. Inna ta hau da ƙafarta, tana hutawa a kujerun da ya sassaƙa a kowace kwana, ta kai sama ta ce ba laifi, amma iskar ta yi yawa. Gari duk ya hau, tsofaffin da rabonsu da ganin garinsu daga sama tun suna yara suka yi ta nuna rufin gidajensu. Baba ya ƙi. Ya ce shi ya ga teku ta ishe shi.

Wata Juma'a bayan la'asar ina gidanmu ina tsince wa Inna alkama, sai ga Baba ya fito da farar jallabiyarsa da sanda, ya ce in taso in raka shi. Ban tambayi ina ba. Muka bi ta tasha muka tsaya a gindin matakala. Ya ƙwanƙwasa takin farko da sanda, kamar yadda yake yi wa katakon jirgi in zai saya, sannan ya taka. Haka ya yi ta yi, ƙwanƙwasa, taka, ƙwanƙwasa, taka. Masu shan shayi suka hango, aka bar kofuna aka biyo mu a hankali. Wani ya ruga ya gaya wa Bushaib, ya zo ya bi bayan jama'a, can ƙarshe, kamar baƙo.

Da muka kai sama Baba ya zauna a gindin hasumiya ya daɗe yana kallo. Ga tasha ƙarƙashinmu da shuɗɗan jirage a jere a kan yashi, ga fararen gidaje sun bi gangare, ga Ƙofar Iska ruwa na ratsa ta yana fari. Ya nuna kafar da jirage ke bi da sandarsa ya ce, kamar da kansa yake magana, ashe ta wannan 'yar kafar ya yi rayuwarsa yana shiga da fita. Sannan ya waiga ya nemi Bushaib da ido har ya same shi a bayan mutane.

A wajenmu ba kowane magini ake ce wa Ma'allam ba, sai wanda hannunsa ya kai, wanda ake tashi in ya shigo. Baba ya ce, da muryar da yake ba da umarni a jirgi, "Ma'allam Bushaib, zo nan. Wannan hasumiyar fa, haka za ka bar mana ita?"

Bushaib ya ratso mutane ya zo ya durƙusa ya sumbaci hannunsa. Ya ce in an samu farar ƙasa da masu ɗauko ruwa, aikin wata biyu ne. Baba ya ce za a samu, ya dubi Rayis Lahsan, Rayis Lahsan ya dubi sama. Ni dai na ja mayafi na rufe fuska.

Hasumiya ta tashi, aka shafe ta fari fat. Masunta sun ce tun daga nesa suke hango ta yanzu, ko da hazo, su saita hancin jirgi a kanta. Kowace shekara kafin azumi su da kansu suke sake mata fenti. Ba a jima ba baƙi suka fara tsayawa. Da can mota sai ta wuce garinmu ba ta ko rage gudu, yanzu ranar hutu sai ka rasa wajen ajiye ta. Amare na hawa da farin kaya a ɗauke su hoto, Ƙofar Iska a bayansu. Masu gasa sardin sun ƙara murhu. Hukumar gari ta kafa allo mai kyau a gindin dutsen ta rubuta Matakalar Hasumiya, amma in ka tambayi kowa a tasha zai ce maka ka bi nan ka hau Matakalar Kaza. Bushaib ya ce a bar shi haka, sunan ya biya kuɗin kansa.

Baba ya rasu bayan 'yan shekaru, Inna ta bi shi, Allah ya jiƙansu. Bushaib yanzu gemu ya yi fari, gwiwa ta fara ba shi labari, amma kullum yana hawa da 'yar gudumarsa a aljihu yana duba inda ya motsa. Hadda ta kafa tebur a inuwar hasumiya tana sayar da shayi da burodi mai zafi.

Bazarar da ta wuce ina zaune wajensu wata dattijuwa ta iso sama da 'ya'yanta da jikoki, daga can cikin ƙasa suka zo, ba ta taɓa ganin teku ba. Ta zauna kusa da Bushaib tana mai da numfashi, ta ce ta ji tsoron hawan amma ko kaɗan bai wahalar da ita ba. Ta shafa dutsen kujerar da tafin hannu ta ce mutanen dā sun iya aiki, na yanzu sai surutu. Ta ɗaga hannu ta ce Allah ya jiƙan wanda ya sassaƙa wannan matakala, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya hau Aljanna da sauƙi kamar yadda ya sauƙaƙa mata.

Bushaib ya shafa fuska ya ce amin, da gaske, bai ko yi murmushi ba.

Hadda ta ajiye butar shayi ta ce, "Baiwar Allah, a rage saurin addu'ar kabarin nan. Ga shi nan kusa da ke, shayina yake sha bai biya ba."

Dattijuwar ta dube shi sama da ƙasa, ta dubi hannuwansa, sannan ta kira jikokinta duka ta ce su zo su gaishe shi. Suka jeru ɗaya bayan ɗaya suna sumbatar kansa, shi kuwa yana riƙe da kofi ya rasa inda zai ajiye shi.